Darasi: Makullin Cibiyar Taya da Lissafin Mai a Hanyoyin Batsari da Safana

Mota mai jan taya huɗu, wadda direbobi suka fi sani da fowil, ita ce wadda injinta ke iya tura tayoyin gaba da na baya a lokaci ɗaya, saɓanin ƙaramar mota ko bas da tayoyi biyu kaɗai ke turawa, sauran biyun suna biye. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, waɗanda ke yammacin Jihar Katsina suna iyaka da Zamfara ta ɓangaren Dajin Rugu, irin wannan mota ta aiki ce, domin da zarar an sauka daga kwaltar da ta haɗa Batsari da Katsina, ko wadda ta haɗa Safana da Dutsin-Ma, yawancin abin da ya rage burji ne da rairayi da ƙoramu marasa gada, waɗanda ke tare ƙaramar mota idan ruwan Agusta ya zauna. Ma'aikatan lafiya masu kai rigakafi ƙauyuka da jami'an tsaro da ma'aikatan gona na hukuma duk da ita suke shiga lungu, kuma idan hukumomi suka yi gwanjon tsofaffin motocinsu, sai su faɗa hannun 'yan kasuwa masu ɗauko rogo da dankali da gero daga bakin gona.

Waɗannan masu saye na biyu su ne tsadar mai ta fi ƙona wa aljihu. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, sannan ta wuce naira 1,000 a watan Oktoban 2024, alhali yawancin Hilux da ke yawo a Najeriya masu shan fetur ne. Tun daga lokacin duk wata dabara da aka ce tana rage shan mai ta samu masu saurare a gareji, kuma daga cikinsu akwai sanya wa tayoyin gaba makulli na hannu. Dabarar gaskiya ce, amma ana yawan zuzuta ribarta ta fuskar mai fiye da kima, ana kuma mantawa da amfaninta da ya fi girma.

Abin da ke juyawa a ƙarƙashin mota

Ƙarfin inji yana fita ta giyabos ya shiga wani ƙaramin akwatin giya da ke bayansa, wanda aikinsa raba ƙarfi tsakanin baya da gaba, shi ya sa za a kira shi akwatin rabo a wannan darasi. Daga akwatin rabo farfela biyu ke fita, wato dogayen sandunan ƙarfe masu juyawa, ɗaya ta nufi aksil na baya ɗaya ta nufi na gaba. A tsakiyar kowane aksil akwai difaransha, tarin giyoyi ne da ke iyo cikin mai mai kauri, wanda ke ba tayar waje damar yin sauri fiye da ta ciki idan mota na shan kwana. Daga difaransha kuma sanduna biyu gajeru ke kai ƙarfin ga tayoyi, kuma a gaba kowace sanda tana da gaɓa mai lanƙwasa domin taya ta iya bin sitiyari yayin da ake tura ta.

Ƙaramar giyar da ke kusa da babbar giya, ko maɓallin da ya maye gurbinta a sababbin motoci, tana da matsayi uku da aka fi amfani da su: 2H na tafiya da tayoyin baya kaɗai, 4H na jan taya huɗu da gudu na yau da kullum, da 4L na jan taya huɗu a hankali da ƙarfi mai yawa. Direbobi da yawa suna zaton idan giyar tana kan 2H kayan gaba duk suna hutawa, kuma a nan kuskuren yake. Akwatin rabo ya daina tura farfelar gaba, gaskiya ne, amma idan tayoyin gaba a haɗe suke da sandunansu dindindin, to su tayoyin ne ke komawa suna juya sanduna, sanduna su juya difaransha cikin mansa mai kauri, difaransha ya juya farfela, duk ba tare da wani aiki ba. Misalinsa injin niƙa ne da aka bar wa bel yana jan tukunyar da babu hatsi a cikinta: ba a niƙa komai, amma ana ƙona mai kuma ƙarfe na cin ƙarfe.

Makullin cibiyar taya shi ne abin da ke yanke wannan haɗi. Cibiyar taya ita ce ƙarfen tsakiya da ake ɗaure wili a jikinsa, wanda ke juyawa a kan boris, kuma makullin wani ɗan kwano ne na ƙarfe da ake ɗaurewa a bakinta da notuna shida a yawancin motocin Japan. A cikinsa akwai ƙaramar giya da ke zaune a kan haƙoran ƙarshen sanda, da zobe mai haƙora ciki da waje da ke zamewa gaba da baya, da sifirin da ke tura zoben. A fuskarsa akwai mamurɗi mai rubutu biyu. Idan aka murɗa shi zuwa LOCK, sifirin ya tura zoben ya hau giyar, sanda da taya su zama abu ɗaya. Idan aka mayar da shi FREE, wato firi a bakin direbobi, zoben ya janye, taya ta riƙa juyawa ita kaɗai a kan boris, sanduna da difaransha da farfelar gaba su tsaya cik.

Wani Ba'amurke mai suna Arthur Warn ne ya fara sayar da irin wannan na'ura a shekarar 1948, domin motocin Jeep da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda farar hula suka saya suka koma hawa da su kan kwalta, kuma kamfanin da ya kafa yana ƙera ta har yau. Waɗanda ke zuwa a jikin motocin Toyota daga masana'anta kamfanin Aisin na Japan ne ke yin su.

Motar da za ta karɓa da wadda ba za ta karɓa ba

Kafin a yi maganar kuɗi, wajibi ne a san irin gaban da mota take da shi, domin a nan ne ake yawan asara. Akwai motar da cibiyarta ke da faifan ƙarfe kawai mai haɗa sanda da taya dindindin, kuma ita ce ta fi sauƙin sauyi: a kwance notuna shida, a cire faifan, a sa makullin a gurbinsa. Akwai mai makulli mai kulle kansa, wanda ke kamawa da zarar sanda ta fara juyawa, ya kuma saki idan aka koma 2H aka ja baya kaɗan. Wannan yana da daɗin sha'ani a kan hanya mai kyau, amma yana da aibin da duk wanda ya taɓa kafewa a rairayin ƙorama ya sani, wato idan direba yana gaba yana baya domin ya fitar da mota, makullin yakan saki ya sake kamawa da ƙarfi a kowane juyi, har haƙoransa su kakkarye a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Ga mai irin wannan mota, komawa makullin hannu shawara ce mai kyau ko da ba za ta rage masa ko cokalin mai ba.

Nau'i na uku shi ne wanda Toyota ta sa wa suna ADD, inda wata na'ura mai aiki da iska ko lantarki ke raba sandar gefe ɗaya a cikin aksil. A nan farfelar gaba ta riga ta huta, sandunan tayoyi da gaɓoɓinsu kaɗai ke juyawa, saboda haka abin da makullin hannu zai ƙara ragewa na mai ɗan kaɗan ne ƙwarai. Hilux da aka fara fitarwa daga 2005 zuwa yau, wadda ita ce ta cika ma'aikatun gwamnati, cibiyarta a ɗaure take kai tsaye a kan sanda da babban noti guda, babu gurbin da za a ɗora makulli sai an sauya cibiyar da wasu kayan da ke kewaye da ita, kuma kuɗin wannan aiki ya wuce duk abin da mai zai iya mayarwa.

Nau'i na huɗu shi ne motar da ke jan taya huɗu kullum, irin Prado da yawancin Land Cruiser 80, waɗanda ke da difaransha na uku a cikin akwatin rabo. Idan aka sa wa irin wannan makulli aka bar shi a firi, ƙarfin inji duk sai ya zurare ta gaba inda babu abin da ke riƙe shi, motar ta tsaya inji na ƙara, sai fa in an kulle difaranshan tsakiya ko an sauya cikin akwatin. Tsofaffin Hilux na kafin 2005, da Land Cruiser 70 da aka fara ƙerawa a 1984 har da akori-kurarta mai lamba 79, da Nissan Patrol da tsofaffin Mitsubishi L200, su ne gidan wannan aiki, kuma da yawansu ma da makullin suka fito. Ko a cikinsu sai an ƙirga haƙoran sanda kafin a saya, domin tsohuwar Hilux mai aksil ɗin gaba guda tana da haƙora 30, mai gaban da kowace taya ke motsi da kanta tana da 26, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Lissafi

Nawa ne makullin ke ragewa? Ƙarfin da ake ɓatawa wajen juya kayan gaba ƙarami ne idan aka kwatanta da wanda ake kashewa wajen ɗaukar nauyin mota da kayanta, da keta iska, da murza tayoyi a ƙasa, saboda haka ragin 'yan kaso ne cikin ɗari, ba kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar da wasu masu sayar da kaya ke faɗa ba. Ya fi fitowa a doguwar tafiya kan kwalta, da kuma sanyin safiyar hunturu lokacin da man difaransha ya yi kauri. Lambobin da ke biye na koyon lissafi ne, kowane ɗalibi zai sa nasa a gurbinsu.

A ɗauka mota tana shan lita 12 a kowane kilomita 100, litar fetur naira 1,000 ce, makullin yana rage kashi 3 cikin 100, kuma kayan da kuɗin makanike sun tashi naira 150,000. Direba na farko yana jigila tsakanin Batsari da Katsina da Kano, yana cin kilomita 2,000 na kwalta a wata, wato lita 240. Kashi 3 cikin 100 na wannan shi ne lita 7.2, ko naira 7,200 a wata, kuma idan aka raba 150,000 da 7,200 za a ga sai bayan wata 21 kuɗinsa zai dawo. Direba na biyu aikinsa tsakanin ƙauyukan Runka da Zakka ne da gonakin da ke bayansu, kwaltar da yake hawa ba ta wuce kilomita 600 a wata, wato lita 72, ragin da zai samu bai kai lita biyu da rabi ba, kimanin naira 2,160, kuma zai jira wata 69, kusan shekara shida, kafin ya ga kuɗinsa. Mota iri ɗaya ce, kaya iri ɗaya, hanyar da ake bi ce ta raba su.

Wannan lissafi ma ya yi wa makullin alfarma, domin ya ɗauka wata 12 na shekara duk ɗaya ne. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ƙoramu ke kawo ruwa kuma fadamu ke riƙe taɓo, direban da ke shiga ƙauye yakan bar makullinsa a kulle dare da rana, kuma a waɗannan watanni babu ragin komai. Haka kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ɗaga farashin kayan gyara da ake shigowa da su kamar yadda ta ɗaga na mai, don haka tsadar fetur kaɗai ba ta gajarta lokacin jiran yadda ake zato ba.

Ya kamata a ajiye wannan ragi kusa da wasu da ba sa cin ko sisi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iskar taya kaɗai na iya rage shan mai har kashi 3 cikin 100, kuma wannan ya shafi direbobin yankin kai tsaye, domin sukan rage iska kafin su shiga rairayi, abin da yake daidai, sannan su hau kwalta su yi tafiyar awa biyu ba su mayar da ita ba. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka akori-kurar da aka yi wa lodin buhuna sama da kan direba tana biyan kuɗi mai yawa a kan kowane ƙarin gudu. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe a tsohuwar mota mai kafireto, da birkin da ke kamawa, da barin inji na aiki a bakin kasuwa ana jiran lodi, kowannensu na iya cinye abin da makullin ya tara. Mai motar da bai gyara waɗannan ba ya tafi sayen makulli ya fara da abu mai tsada ya bar masu arha.

Inda ribar take

Babbar ribar makullin tana wajen lalacewar kaya. Gaɓoɓin sandunan gaba a motoci da yawa suna cikin rigar roba mai riƙe giris, kuma kututturen gona da ƙaya suna yaga wannan roba ba tare da direba ya sani ba. Idan sanda na juyawa kullum, giris zai watse cikin kwanaki kaɗan, rairayi ya shiga ya cinye gaɓar. Idan tana tsaye a yawancin tafiya, yagewar kan jira har a gano ta a ranar juyen mai. Haka robobin da ke tare mai a bakin difaransha da gaɓoɓin farfela duk suna daɗewa. Akwai kuma fa'idar da ba a ganin darajarta sai an shiga uku: idan sandar gaba ta karye ko difaransha ya fashe a daji, mai makullin hannu zai mayar da shi firi ya koma 2H ya iso gari da tayoyin baya, alhali wanda tayarsa ke haɗe dindindin sai ya kwance kaya a wurin ko ya nemi mai ja. Na'ura ce da babu waya ko tiyon iska a jikinta, kuma makaniken Batsari zai iya warware ta a kan tabarma ya wanke ya mayar.

Ƙarancin mai ma wani lokaci yakan sauya ma'aunin. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita sayarwa a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, ga gidajen mai biyu a kowace ƙaramar hukuma, kuma kada a ba mota fiye da na naira 5,000. A irin wannan hali lita ɗaya ba a auna ta da kuɗinta, ana auna ta da ko za ta kai mutum gida.

Sai dai matsalar tsaron nan ita ce kuma ke nuna babban raunin makullin hannu, domin ba a kulle shi daga kujerar direba, dole mutum ya tsaya ya fito ya zagaya tayoyi biyu. A hanyoyin da ke kusa da Rugu, tsayawa a bakin ƙorama da magariba domin murɗa makulli haɗari ne da babu wani ragin mai da ya kai a ɗauke shi. Ƙa'idar da ta dace ita ce a kulle tun a cikin gari, kafin a bar kwalta, a ci gaba da tafiya a 2H, domin makulli a kulle da giya a 2H ba ya cutar da komai illa ɗan man da zai ƙaru, kuma daga nan direba na iya shiga 4H daga zaune duk lokacin da ƙasa ta yi laushi. Motar ɗaukar marasa lafiya da motar sintiri, waɗanda ba su san lokacin da za a kira su ko inda za a tura su ba, ya fi musu su zauna a kulle kullum.

Amfani da kulawa

Makullan tayoyin gaba biyu dole su kasance a matsayi ɗaya, kuma a murɗa mamurɗin har ya kai ƙarshe, domin zoben da ya hau rabi shi ne ke cin haƙora. Ba a jefa giya a 4H mota na gudu alhali makulli na firi, saboda farfelar gaba a tsaye take kuma giyoyin akwatin rabo za su yi karo. Ba a kuma jan kaya mai nauyi a 4L da makulli a firi, domin ƙarfin da aka ninka domin aksil biyu zai sauka a kan na baya shi kaɗai. A kan busasshiyar kwalta ba a tafiya a 4H ko kaɗan, tunda akwatin rabo na waɗannan motoci yana tilasta wa gaba da baya gudu ɗaya, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi yin nisa, sai kayan su ɗaure, sitiyari ya yi tauri, tayoyi su riƙa gurzar titi. Idan mamurɗi ya ƙi komawa firi, yawanci wannan ɗaurewar ce, kuma ja da baya na 'yan taku yakan sake shi. Filaya da guduma fasa murfin kawai suke yi.

Kayan da ke tsaye ma suna da tasu cutar, domin man difaransha ba ya hawa saman giyoyi sai suna juyawa, kuma ɓangaren da ya bushe yakan yi tsatsa. Littafin jagora na Toyota ya ba da shawarar a yi aƙalla kilomita 16 a kowane wata da jan taya huɗu, kuma da rani ne ya kamata a tuna da wannan, lokacin da mota kan yi wata uku ba a taɓa makullinta ba. Bayan ƙetare ruwan da ya kai cibiyar taya, a buɗe murfin a duba, domin ƙarfe mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta bakin gasket, kuma giris da ya koma fari kamar madara alama ce ta cewa boris na cikin haɗari. Giris kaɗan ake shafa wa cikin makulli. Wanda aka cusa da yawa yakan haɗu da ƙura ya daskare ya hana sifirin tura zobe, mamurɗi na nuna LOCK alhali taya ba ta kama ba.

Wajen saye, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan kayan gyara na Katsina ana samun sabo mai arha da kuma na asali da aka ciro daga jikin wata mota. Na asalin da haƙoransa ba su ci ba yakan fi sabon jabu ƙarko nesa ba kusa ba, kuma ana gane lafiyarsa ta hanyar murɗa shi a hannu a ga zoben na fita yana komawa ba tare da sarƙewa ba. Kyau ne mai mota ya tafi da tsohon faifansa ko makullinsa domin a gwada haƙora da ramukan noti a gabansa, ya kuma tabbata an haɗa masa da gasket da ƙananan wasoshi masu siffar mazurari da ke riƙe makullin Toyota a kan kusoshinsa, domin idan babu su notunan kan kwance a kan burji.

Aikin gwaji

Ɗalibin da ke da mota mai makulli, ko yake aiki da mai ita, zai cika tanki har baki a gidan mai guda, ya rubuta lambar kilomita, ya yi tafiyarsa ta kwalta da makulli a firi, sannan ya koma famfon da ya sha a farko ya sake cikawa ya rubuta litar da ta shiga. Zai raba litar da kilomitar da ya ci, ya ninka da 100. Sai ya maimaita a hanya ɗaya da lodi mai kama da na farko da iskar taya ɗaya, amma da makulli a kulle da giya a 2H. Tunda bambancin ƙarami ne, iskar gabas ko buhu biyar na ƙari na iya ɓoye shi, don haka sai an yi kowane gwaji sau uku an ɗauki matsakaici kafin a sa sakamakon a gurbin kashi 3 na misalin da ya gabata, tare da farashin lita na ranar da kuɗin da makanike ya faɗa.